Baƙin Shafen da Aka Yi wa Sahura

Mafarkin nan ba da dare Zayyanu ya yi shi ba. Jiya ne da rana tsaka, bayan azahar, a kan dardumarsa, cikin ɗakin gwaji na jami'ar da yake koyarwa. Ya idar da salla ya ce bari ya ɗan miƙe bayansa, sai barci ya sace shi.

Zayyanu injiniya ne, aikinsa kuwa shafe. Shekara da shekaru yana fama da wani baƙin shafe da ake yi wa ƙarfe, siriri ƙwarai har ido ba ya ganin kaurinsa. Da sinadarin da ke cikin gawayi ake yin sa, amma taurinsa ya kusa na lu'ulu'u, ga kuma santsi. In aka yi wa haƙoran inji shi, ƙarfe ya daina cin ƙarfe. Da can don injuna yake wannan bincike. Daga baya ciwon sikila ya cinye wa matarsa Sahura ƙashin kwatangwalo, likitoci suka ce ƙashi ne ke gugar ƙashi, kuma ko an sa mata na ƙarfe, shi ma zai zaizaye tun tana da sauran ƙuruciya. Tun daga ranar, in ya dubi aikinsa ba inji yake gani ba.

A mafarkin ya ga kansa tare da ita suna tafiya a kan wata hanya. Yawan bi ya cinye hanyar har ta zama dogon rami, wanda ke tsaye a gefe ba ya hangen komai na matafiya sai huluna da ƙullin ɗankwali. Rana tana ƙasa wajen ƙafafunsu, inuwarsu kuma tana sama tana shawagi kamar shirwa. Wannan bai ba shi mamaki ba. Abin da ya dame shi shi ne wani farin gari da ke zuba daga ƙugun Sahura, ta ƙarƙashin zaninta, duk taku ɗaya sai ya zuba kamar na bakin injin niƙa. Ya bar layi fari a bayansu, kaji kuma sun jeru suna tsattsaga.

Ya cire hularsa ya duƙa yana tarewa. Sahura ta ce ya bari, mutane na kallo, kuma ai hular sabuwa ce. Daga nan ta shiga ba shi labarin cewa ta ɗora wake a wuta kafin su fito, ba ta tabbata ta rage wutar ba. Tana magana tana ɗingishi, kamar yadda take yi a gida tsakanin ɗaki da madafa, hannu ɗaya a ƙugu. Shi kuwa yana biye da ita a durƙushe, hular na cika, iska na kwashewa.

Sai ga su a kasuwa. Ba a sayar da komai a kasuwar sai gari, an tula shi a faifai-faifai, kowane tuli da launinsa. Masu shara ne ke bin tituna su tattaro abin da ya zuba daga jikin mutane, su kawo nan, kowa ya zo ya nemi nasa. Wata mata ta ɗanɗana wani tuli ta ce wannan gwiwar mijinta ce, aka auna mata a mudu ta ƙulle a gefen zani ta tafi. Ba wanda ya ce ga abin da za ta yi da shi in ta kai gida.

Zayyanu ya miƙa wa wani dattijo hannu don su gaisa. Dattijon ya ja da baya ya ɓoye hannayensa a hammata. Fuskarsa sumul take kamar dutsen rafi, ba hanci, ba gira, sai idanu da ɗan tsagin baki. Ya ce alwala ce ta mai da shi haka, kuma bai yi nadama ba. Ya bayyana wa Zayyanu cewa a garin nan duk abin da ya taɓa wani abu sai ya rage shi, shi ya sa aka daina musabaha tun zamanin kakanni, uwa ma sai ta yi shawara kafin ta goya ɗanta. Hatta kalmomi sun zaizaye. Sannu ta koma “nu”, madalla ta koma “la”, mutanen garin kuma da su suke ta gaisawa ba tare da sun ji an rasa komai ba.

Zayyanu ya juya ya kira matarsa don ta zo ta ji. Da ya buɗe baki sai ya ji abin da ya fito “Sahur” ne. Ya sāke gwadawa, ya ji “Sahu”.

“Ka rage kiranta,” in ji dattijon. “Suna ba ya tsirowa.”

Ya tambaye shi ko akwai magani. Dattijon ya ce akwai Gidan Shafe a bayan gari, can ake kai waɗanda ’yan uwansu suka kāsa haƙuri. Zayyanu ya tambaya ko ana dacewa. Dattijon ya ce bai taɓa jin wanda ya dawo ya yi ƙorafi ba.

Motar da ke zuwa can ƙafafunta sun daɗe da cinyewa, don haka fasinjoji ne ke saɓa ta a kafaɗa su yi tafiya, direban kuwa, wata agwagwa ce mai tabarau, tana zaune a ciki tana murza sitiyari tana yi musu faɗan gudu. Sahura ba za ta iya saɓa mota ba. Zayyanu ya goya ta ya bi bayan motar. Da farko ta ƙi, ta ce abin kunya ne a tsakiyar titi, daga baya ta kwantar da kanta a kafaɗarsa. Ya ji ɗumin kumatunta ta cikin rigarsa, ya kuma ji wurin yana raguwa a hankali, nasa da nata. Garin da ke zuba yanzu na mutum biyu ne. Tana ƙara sauƙi a bayansa, shi kuma yana ƙara sauri, yana jin kowane taku na sauri yana ƙara gugar ta. Ya rage tafiya, hanya ta ƙara tsawo. Ya rasa wanne zai zaɓa.

Ta ce masa a kunne, in da hali su koma gida. Ta ce ciwon nan ta san shi, ya san ta, tun tana yarinya suke tare, kuma in ta zauna a tabarmarta ta miƙe ƙafa yakan yi mata sauƙi zuwa la'asar. Ya ce sun kusa.

Gidan Shafe ɗakin gwajinsa ne, da teburinsa da kujerarsa mai karyayyen hannu, sai dai maimakon silin wani kogi ne ke gudana a sama, kifaye na leƙowa. A inda na'urarsa ta shafe take an girke wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai ƙofa da ɗan tagar gilashi. Shugabar wurin jimina ce, sanye da farar rigar aiki da aka yi wa dogon wuya. Ta dubi Sahura da ido ɗaya, ta juya ta dube ta da ɗayan, ta ce an kawo ta a makare amma akwai sauran abin shafawa.

Aka sa Sahura a tukunyar aka rufe. Jiminar ta sa bututu a baki ta zuƙe iskar ciki kaf, ta fesar ta taga. Wani haske mai ruwan shuni ya tashi a ciki, irin wanda Zayyanu ya saba gani a na'urarsa. Ta ɗan tagar ya ga matarsa zaune, ta haɗa hannuwa a cinya kamar mai jiran layi a asibiti, baƙin abu na sauka a kanta kamar raɓa.

Da aka buɗe ta fito baƙa wuluk tana walƙiya, daga goshi har tafin ƙafa. Ta tsaya miƙe. Rabon da ya gan ta tsaye miƙe haka tun suna sabon aure. Ya buɗe baki zai yi hamdala, sai ya ji ƙas, kamar an fasa gyaɗa. Shafen ya tsage a kafaɗarta. Ya tsage a wuya, a gwiwar hannu, ya shiga nannaɗewa yana ɓarewa kamar ɓawon albasa, kowane ɓawo kuma ya tafi da ɗan abin da ke ƙarƙashinsa. Kafin a jima ta tsaya a tsakiyar tulin baƙin ɓawo, ta fi dā ƙanƙanta, zoben hannunta ya zame ya faɗi sama cikin kogin.

Jiminar ba ta damu ba. Ta ce haka shafen yake yi in tsantsarsa ce, ya cika tauri, yana faɗa da kansa har ya ƙi zama a jikin kowa. Sai an sirka shi da ɗan ƙarfe sannan zai sassauta ya kama. Zayyanu ya san wannan sarai, shi yake koya wa ɗalibai, ya san wane ƙarfe ake sawa da yadda ake ƙididdige shi don kada ya yi yawa shafen ya yi laushi. Ya so ya faɗa mata, amma kalmomin aikinsa sun fi kowaɗanne zaizayewa a bakinsa, da ya yi magana sai iska kawai ta fito. Jiminar ta ce su ba sa ajiye ƙarfe, mai kawo mara lafiya shi ke kawowa. Ya laluba aljihunsa. Ba komai sai makullin gidansu.

Sahura ta riƙe masa hannun riga. Yatsunta sun zama sirara kamar tsinken tsintsiya.

“Malam, in ka ba ta, da me za mu shiga gida?”

“Sai mu fasa ƙofar.”

“Ni dai da ka mai da ni haka nan. Abin da ya rage ya ishe mu zama.”

Ya dubi ƙasa ya ga garin na ci gaba da zuba a kan ƙafarta, ko da take tsaye ba ta motsi. Ya zare hannun rigarsa a hankali ya miƙa makullin. Jiminar ta haɗiye shi, aka ga yana gangarawa ta dogon wuyanta, ta yi ɗan tari, ta amayar da shi gari mai ƙyalli a cikin tukunyar. Sahura ta nufi tukunyar. Da kanta ta shiga, ta gyara zaninta ta zauna, ba ta dubi tagar ba.

Wannan karon shafen ya kama. Jiminar ta sa baki ta sassare ta a kafaɗa, ko alama bai yi ba. Ta kawo dutsen niƙa ta goga mata a ƙugu, dutsen ya zame ya fice ta ƙofa. Zayyanu ya durƙusa ya duba ƙasa, babu gari, ko ƙwaya. Ya tambayi Sahura yadda take ji. Ta lanƙwasa ƙafar, ta miƙe ta, ta sāke lanƙwasawa, sai ta yi dariya, irin dariyar da ya manta tana da ita. Ta ce ba ya ciwo. Ta ce bari ta gwada takawa.

Ta ɗaga ƙafa ta yi taku ɗaya, ba ta tsaya ba.

Ba gudu take yi ba. Tafiya ce a hankali, kamar ta mai zuwa gidan maƙwabta, sai dai ƙafafunta ba sa motsi, ƙasa ce kawai ta kāsa riƙe ta. Ta wuce teburin, ta wuce ƙofa. Zayyanu ya bi ta yana murmushi, yana zaton wasa take. Ya kama wuyan hannunta, hannun ya sulluɓe kamar sabulu a ruwa. Ya kama da hannu biyu, ya sulluɓe. Ya cafki mayafinta, mayafin ya zame daga jikinta ya zauna a hannunsa, ita kuma ta ci gaba. Ya sha gabanta ya buɗe hannuwa, ta zo ta taɓa ƙirjinsa, bai ji ɗumi ba, bai ji nauyi ba, ta goce ta gefensa ta wuce.

Ya waiwaya ya ce wa jiminar ta tsayar da ita. Jiminar tana tsaye a bakin ƙofa tana goge baki da gefen riga. Ta ce aiki ya yi kyau, rabon da su sami wanda ya kama haka an daɗe, kuma matar nan ba abin da zai ƙara rage ta har abada. Ta ce tsayawa kuwa wani fanni ne daban, ba a nan ake yi ba. Ya tambaya a ina ake yi. Ta ce ba ta taɓa jin an buɗe ba.

Ya bi matarsa. Hanyar ta fita bayan gari ta shiga wani fili shimfiɗaɗɗe, ba itace, ba tudu. Ya roƙi masu wucewa su tare ta, suka ɓoye hannuwa a hammata suka ce masa “nu”. Wani mai tausayi ya jefa igiya, igiyar ta zame. Wata mata ta watsa yashi a gabanta, Sahura ta bi ta kan yashin ba ta bar sawu ba.

Sahura ba ta iya juyowa, domin juyawa ma sai ƙafa ta kama ƙasa. Bayanta kawai yake gani, baƙi, yana ɗaukar hasken ranar da ke ƙasa. Amma tana magana, muryarta na zuwa masa a sarari. Ta ce in ya sami shiga gida ya fara sauke waken. Ta ce kuɗin makarantar Islamiyya ba nata ba ne, na maƙwabciya ne ta ba ta ajiya, yana cikin kwanon sama, ya mayar. Ta ce ya gaya wa innarta ta sami sauƙi, kada ya faɗa mata sauran. Ya ce ta daina irin wannan magana, yanzu zai kamo ta. Maganarsa ta je ta same ta a baya ta zame ta faɗi ƙasa, yana gani, kamar tsakuwa a kan kwano. Nan ya gane ita ba ta jin sa.

“Malam, kana nan?” in ji ta. “In kana nan ka yi magana.”

Ya tattara ƙarfinsa ya kira ta. “Sa” kawai ya fito. Ya sāke kira, ba abin da ya fito.

“To,” in ji ta, bayan ta ɗan saurara. “Wataƙila ka koma.”

Ya ƙara gudu. Takalmansa suka cinye, ya bar su. Tafin ƙafarsa ya cinye. Bai ji zafi ba, sai dai ya lura ƙasa na matsowa kusa da fuskarsa, takunsa na gajarta. Ya koma gudu a kan idon sawu, daga nan a kan ƙwauri, daga nan a kan gwiwa, farin layi na bin sa a baya, kaji sun taso daga gari. Ita kuwa tafiyarta ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Tazarar da ke tsakaninsu ta zama ta tsawon tabarma, ta zama ta faɗin titi, ta zama ta filin ƙwallo. Can gaba ya hango wasu irinta da yawa, baƙaƙe masu walƙiya, maza da mata har da yara, kowa tsaye miƙe, kowa na sulalawa ta inda ya fuskanta ranar da ya yi takunsa na farko. Ba mai karo da wani. Sahura ta shiga cikinsu, ya bi ta da ido har ya daina bambance ta.

Inda ƙafafunsa suka ƙare, nan ya tarar da mutane zaune a jere a bakin filin. Duk sun cinye zuwa ƙugu, an dasa su a ƙasa kamar tulunan ruwa. Wata tsohuwa ta ja jiki da hannu ta matsa masa wuri, ta kula kada kafaɗarsu ta haɗu. Ta tambaye shi wa ya kawo, ya nuna mata mayafin. Ta ce ita ɗanta ta kawo, ƙafa ce ta dame shi, yanzu ya warke. Ta ce malamai sun tabbatar musu duniya a kewaye take, don haka duk wanda ya tafi ta gabas wata rana zai ɓullo ta yamma ya wuce ta gabansu, shi ya sa suke zaune.

Zayyanu ya yi mata alama da hannu, yana tambayar ko akwai wanda ya taɓa ɓullowa. Ta ce tukuna. Ta ce kuma in sun ɓullo ba tsayawa za su yi ba, wucewa za su yi, amma dai a gan su. Ta shawarce shi ya ajiye mayafin a ƙasa, don riƙon da yake yi masa yana cinye shi. Ya duba, gaskiya ne, inda yatsunsa suke ya fara zama raga. Ya yi niyyar ajiyewa, hannun ya ƙi buɗuwa. Suka zauna suna kallon yamma, iska na ɗibar su kaɗan-kaɗan, mayafin na ƙara sirancewa a tafinsa, shi kuma yana ƙara damƙewa.

Ƙarar ruwa ce ta tashe shi. Wani ne a bayan taga ya tara buta a famfo zai yi alwalar la'asar, ƙarar na hawa sama yadda take yi in buta ta kusa cika. Zayyanu ya buɗe ido ya ga ƙafar teburinsa. Hannunsa na dama ya damƙe gefen dardumar har yatsun sun sage. Butar ta cika ta fara tumbatsa, mai ita ya tsaya gaisawa da wani, ruwan na ta zuba a siminti. Yana kwance yana ji, bai saki dardumar ba.